Amsoshin Takardunku: In Hanya Ta Ɓaci, Yaya Za A Yi Da Magani?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani falke a ƙasar Isa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shi da maiɗakinsa sun daɗe suna shan maganin ƙanjamau, amma saboda 'yan bindiga da ke tare hanyoyin Isa da Sabon Birni, ranar karɓa takan wuce bai je asibiti ba. In nasa ya kusa ƙarewa, sai ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya ɗiba daga na uwargida. Yana tambaya: shin akwai illa?

To Malam, akwai illa babba. Maganin nan danne ƙwayar cutar yake yi, ba kashe ta ba. In kana tsallakewa sai ta farfaɗo, har ta saba da shi ya daina yi maka aiki. Ɗiba daga na uwargida kuwa, ka ga ita ma nata ba zai kai ba ke nan.

Ban da haka, kowa da irin jikinsa. Ƙwayar da akasarin mutane ke sha yanzu, TLD, magani uku ne a haɗe. Ɗaya daga ciki, tenofovir, yana iya taɓa ƙoda, shi ya sa akan canza wa mai ciwon ƙoda. Wanda ke shan maganin tarin fuka, likita kan ƙara masa dolutegravir. Mai juna biyu da ke shan maganin ƙarin jini kuwa, akan nuna mata yadda za ta tsara lokutan sha. Ka ji ko? Ba goro ba ne da za a ɓara a raba.

Ga shawara. Ka faɗa wa ma'aikatan asibiti gaskiyar halin da hanya take ciki. Wanda awon jininsa ya nuna cutar ta kwanta, ana iya ba shi maganin wata 3 har zuwa 6 a tashi ɗaya. Ku roƙi a haɗa muku rana guda kai da ita, kuma ka je tun da sauran ƙwayoyi a hannu. Katinka kada ya rabu da aljihunka. In gudun hijira ya kai ka Sakkwato ko Maraɗi, nuna shi a asibitin can. Awon jini kuma, ko sau ɗaya ne a shekara, kada ya wuce ka.

Kada kunya ta hana ka tambaya. Da gwamnatin tarayya ta fara raba maganin a 2002, Naira 1,000 ake biya kowane wata, amma a 2006 aka mai da shi kyauta. Dokar 2014 kuma ta hana a tsangwami mai wannan cuta. Haƙƙin mutumin ƙauye ne kamar yadda yake na ɗan birni.

Allah Ya ba ku lafiya, Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya. Sai mun ji daga gare ku.