Fux: Mawaƙin Fadar Da Littafinsa Ya Binne Waƙoƙinsa

 Yau Ostiriya za mu je, wajen wani mutum mai suna Johann Joseph Fux.

Ɗan manoma ne, an haife shi wajajen 1660 a ƙauyen Hirtenfeld. A 1698 Sarki Leopold na Ɗaya ya ɗauke shi mai tsara kiɗa a fadar Biyana, a 1715 kuma ya zama shugaban makaɗan fadar gaba ɗaya. Sarakuna uku ya yi wa aiki kafin ya rasu a 1741.

Cikin ayyukansa a fada akwai opera, wato wasan kwaikwayo da ake rera kowace magana a cikinsa da kiɗa. Ya tsara fiye da goma sha biyar, da harshen Italiyanci. Mafi girmansu ita ce Costanza e Fortezza, da aka yi a birnin Prague a 1723, lokacin bikin naɗa Charles na Shida sarautar Bohemiya. Fili guda aka gina musamman dominta, dubban mutane suka zauna kallo. Shi kuwa Fux ciwon gaɓoɓi ya kama shi, mataimakinsa Antonio Caldara ne ya jagoranci makaɗan.

To, ina waɗannan ayyuka suke yau? Da wuya ka ji an sa ɗaya a dandali. Dalili kuwa, yawancinsu don biki ɗaya aka yi su: ranar haihuwar sarauniya, ko naɗi, ko aure. Hatta sunan Costanza e Fortezza taken sarkin ne. Biki na watsewa sai a kai takardun ma'ajiya, shi ke nan. Ga tsada, ga kuma salon kiɗa da ya canza bayan mutuwarsa.

Abin da ya rayu shi ne littafinsa na 1725, Gradus ad Parnassum, wanda ya rubuta da Latin a matsayin hira tsakanin malami da ɗalibi, yana koyar da yadda ake haɗa muryoyi daban-daban su tafi tare ba karo. Haydn ya koya daga ciki, Mozart da Beethoven ma haka, har gobe ana karantar da shi. Ku lura fa, shi ma littafin sarki ne ya biya kuɗin buga shi. Amma da mai koyo yake magana.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mu matasa, ƙarfinmu nawa ke tafiya wajen taron da babban baƙo zai zo a ɗauki hoto, nawa ke tafiya wajen zaunar da ƙannenmu mu koya musu abin da muka iya?

Ku nemi Costanza e Fortezza a intanet ku saurara, sannan ku faɗa mini ko ta cancanci a manta da ita. Sai mun haɗu a shiri na gaba.