Agaji a Lokacin Bala'i da Sasanta Maƙwabta: Daga Kogin Kano zuwa Iyakar Nijar



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau tambaya ce guda ɗaya wadda masana sha'anin jakadanci suka daɗe suna muhawara a kanta. Tambayar ita ce: idan ƙasashe biyu maƙwabta suna zaman doya da manja, sai bala'i ya auka wa ɗaya, ɗayar kuma ta kai mata gudummawa, shin wannan gudummawa tana iya kashe gabar da ke tsakaninsu? Zan kawo ra'ayoyi uku da ake da su game da wannan, tare da misalan da kowane ra'ayi ya dogara a kansu. Daga nan sai mu dawo gida, mu auna su da abin da ya gudana tsakanin Nijeriya da Jumhuriyar Nijar. A ƙarshe zan nuna yadda maganar ta shafi mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ko da yake suna can kudancin Jihar Kano, nesa da iyakar Nijar.

Ra'ayoyi uku

Ra'ayi na farko shi ne na masu cewa agaji mabuɗin sulhu ne. Babbar hujjarsu ita ce abin da ya faru tsakanin Girka da Turkiyya. A farkon 1996 saura ƙiris ƙasashen nan biyu su gwabza yaƙi a kan wasu 'yan tsibirai da ba kowa a cikinsu. Ran 17 ga Agusta 1999 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Izmit na Turkiyya, ta hallaka mutum fiye da 17,000, kuma Girka na cikin ƙasashen da suka fara aika masu ceto da magunguna. Ba a yi wata guda ba, ran 7 ga Satumba, sai girgizar ta faɗa wa birnin Atina, Turkawa kuwa suka rama alheri. A watan Disamba na wannan shekara, a taron Helsinki, Girka ta janye ƙin yardar da ta daɗe tana yi, aka karɓi Turkiyya cikin jerin masu neman shiga Tarayyar Turai.

Ra'ayi na biyu shi ne na masu cewa agaji ma wani makami ne na siyasa, mai bayarwa yana neman suna, mai karɓa yana tsoron zubar da girma. Waɗannan sukan kafa hujja da Maroko da Aljeriya. Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko a 2021, ta hana jiragenta ratsa sararin samaniyarta. Da girgizar ƙasa ta auka wa Maroko ran 8 ga Satumba 2023, Aljeriya ta buɗe sararin ga jiragen agaji, ta kuma yi tayin aika masu ceto, amma Maroko ba ta karɓa ba. Haka nan Indiya da Pakistan: bayan girgizar Kashmir ta Oktoba 2005 sun buɗe mashigai 5 a kan layin da ya raba su, amma harin Mumbai na 2008 ya mayar da hannun agogo baya.

Ra'ayi na uku, wanda ni ma a kansa na tsaya, shi ne cewa agaji yana hanzarta sulhun da aka riga aka soma, amma ba ya ƙirƙiro shi daga babu. Wani masani mai suna Ilan Kelman, wanda ya wallafa littafi a kan wannan fanni a 2012, a nan bincikensa ya tsaya. In muka sake duba misalin Girka da Turkiyya za mu tarar ministocin harkokin wajensu, George Papandreou da Ismail Cem, sun riga sun gana, sun shirya jerin shawarwari tun kafin ƙasa ta girgiza. Abin da girgizar ta yi shi ne ta sassauta zukatan talakawa da 'yan jarida, har shugabanni suka sami damar yin abin da da can suke tsoron yi a fili. Ruwa ya sauka a gonar da aka riga aka yi wa huɗa, shi ya sa shuka ta fito.

Tsakanin Nijeriya da Nijar

To, yanzu sai mu dawo gida. Nijeriya da Nijar ba abokan gaba ba ne irin na Indiya da Pakistan. Iyakar da ke tsakaninsu, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, ta ratsa tsakiyar Katsinawa da Gobirawa da Daurawa da Barebari. Amma tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma saɓanin da ke tsakanin gwamnatocin biyu ya sha faɗowa daidai lokacin da talaka ke cikin matsi.

Farin da ya addabi ƙasashen Sahel daga 1968 zuwa 1974 ya koya wa shugabanninmu cewa yunwa tana iya kayar da gwamnati. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya hamɓarar da Shugaba Diori Hamani, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka tafiyar da kayan agaji. A wannan shekara kuma yunwar Wollo ta taimaka wajen kawo ƙarshen mulkin Haile Selassie a Habasha. Tun daga nan gwamnatoci da yawa suka riƙa ganin amsa cewa akwai yunwa a ƙasarsu tamkar amsa laifi ne. Wannan ne ya sa a 2005, lokacin da asibitocin Maraɗi suka cika da yara masu tamowa, Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa yunwa ake yi a Nijar. Duk jakadan da zai miƙa agaji dole ya san wannan: hannun da ke karɓa yana da mutuncin da yake karewa.

Darasi mafi ɗaci kuwa shi ne na 1984. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa domin canjin kuɗi da hana fasa-ƙwauri. Sai damina ta zo ta ƙi, fari ya game ƙasar Hausa duka. Mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun kaka da kakanni sukan gangaro kudu cin rani su koma da hatsi, suka tarar ƙofa a garƙame. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Hausawa sukan raɗa wa kowace yunwa suna, kamar yadda aka kira ta 1914 Kakalaba, to ita wannan mutanen Nijar suka raɗa mata 'Yar Buhari. Ba shi ya hana ruwan sama sauka ba, kuma manufar rufe iyakar ba Nijar aka nufa da ita ba. Amma mai jin yunwa ba ya duba manufa, ƙofar da aka rufe masa yake tunawa. Ina roƙon ɗaliban da ke nan su riƙe wannan: buhun da aka bayar akan manta da shi bayan 'yan shekaru, ƙofar da aka rufe ranar wuya kuwa har jikoki sukan gaji labarinta.

Bayan kusan shekara 40 sai ga makamancin wannan ya sake aukuwa. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Abinci da magani suka yi tsada a Yamai da Maraɗi, kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari kuma suka mutu murus, har Dawanau ta Kano ta ji a jikinta. Malaman addini da sarakuna, ciki har da Sarkin Musulmi, suka yi ta kai da kawowa. Ran 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, ta ce ta yi haka ne domin jinƙan talakawa, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar.

Shin wannan jinƙai ya dawo da zumuncin gwamnatocin? Sai dai a ce ya hana igiya tsinkewa. Babban hafsan tsaron Nijeriya ya ziyarci Yamai a Agusta 2024, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar kuma ya je a Afrilu 2025. Duk da haka, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Wannan ya gaskata ra'ayi na uku: sassaucin da ya zo bayan wata bakwai na matsi ya rage raɗaɗi, amma bai goge dalilin saɓanin ba.

Inda maganar ta shafi kudancin Kano

Wataƙila wani daga cikinku ya ce, ina ruwan mutumin Doguwa da wannan? Amsar tana cikin kogi. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore, ya zuba cikin madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, watau a tsakiyar farin nan da muka ambata. Daga Tiga ruwan ya haɗu da na Challawa, ya wuce Wudil da Haɗeja, ya gamu da kogin Jama'are, ya zama kogin Yobe. A ƙarshen tafiyarsa, kafin ya faɗa Tafkin Chadi, shi ne iyakar Nijeriya da Nijar a yankin Diffa, kuma da shi manoman tattasai na can suke ban-ruwa. Ke nan ruwan da ya sauka a kan duwatsun Riruwai yana da masu jiransa a wata ƙasa.

Madatsar Tiga, da ta Challawa da aka gama a 1992, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, sun kuma shayar da birnin Kano. Amma sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta, sun kuma sauya yadda ruwa ke isa ƙasa. A shekarar fari na ƙasa yana kukan an tare masa ruwa, a shekarar ambaliya kuwa, kamar 2019 da 2022 da kogin ya cinye gidaje da gonaki a Diffa, yana tambaya ko an gargaɗe shi kan lokaci. Mutanen Bebeji ba baƙin wannan tsoro ba ne, domin sun ga ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta 1988.

Kayan aikin magance wannan suna nan tun tuni. Akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan raba ruwan kogunan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, ciki har da Gulbin Maraɗi da ƙarshen kogin Yobe. Abin da ya rage shi ne aiki da su a lokacin lafiya.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, a ware abinci da magani da wutar asibitoci daga kowane irin takunkumi, a rubuta haka tun kafin rigima ta taso. Na biyu, injiniyoyin da ke kula da Tiga da Challawa su riƙa sanar da na ƙasa, har zuwa Diffa, yawan ruwan da ke cikin madatsa da ranar da za a sake shi, ko da kuwa shugabanni ba sa ga maciji da juna. Na uku, in za a kai agaji a kai shi cikin mutunci, ba da ganga ba, ta hannun hukumomin ƙasar da masarautu da 'yan kasuwar da suka san juna.

Ya ku ma'aikatan gwamnati, jakadanci ba a ofishin jakada kaɗai ake yin sa ba. Malamin da ke auna ruwa a Tiga, da jami'in kwastan na Maigatari, da mai kula da rumbun hatsi na gwamnati, kowannensu yana riƙe da wani zare na dangantakarmu da maƙwabta. Ku kuma ɗalibai, gobe ku ne za ku zauna a kan waɗannan kujeru. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙwabcin da kake son ya amshi hannunka ranar da gidansa ya kama wuta, sai ka riƙa gaishe shi tun ana zaune lafiya.

Allah Ya kiyashe mu da fari da ambaliya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.