Kalma Ɗaya Ta Isa Ta Ɗaure Mutum: Jawabi Kan Turancin Kuskure

Wannan shi ne jawabin da wani malamin Turanci ya yi a Kontagora, ga samari masu bin motocin shanu da na hatsi ta hanyar Mokwa da Jebba zuwa Badun da Ikko. An kawo shi nan domin amfanin 'yan'uwa mazauna kudu.

Malamin ya fara da cewa Bahaushe ba ya haɗa kuskure da ganganci, ba ya kuma haɗa sakaci da zalunci. Ko yaro ya san bambancin wanda ya taka ka bai gani ba da wanda ya taka ka yana kallonka. To, Turanci ma haka yake, sai dai kalmominsa sun yi kama da juna, har mai sauraro ya zaci duk abu ɗaya ne.

Ya ce a ɗauki misalin ɗan dako a kasuwar Mil 12 ta Ikko, wanda ya ɗauki buhun albasa ya kai motar da ba ita ba. Mai kaya ya yi ƙara, aka tafi ofishin 'yan sanda. Shi yana bayani da Hausa, tafinta yana juyawa, wani kuma yana rubutawa. Idan aka rubuta ya ɗauka “mistakenly”, an ce bisa kuskure ya yi, yana zaton daidai ne. Idan kuwa aka rubuta “wrongfully”, an ce ya ɗauki abin da ba shi da hakkin ɗauka. Ta farko uzuri ce, ta biyu kuwa ƙofar tuhuma ce, ga shi kuma ya dangwala yatsa a ƙarƙashinta. Saboda haka kada kowa ya sa hannu a takarda sai an karanta masa, ya kuma tambaya wace kalma aka sa daga cikin biyun.

Wannan ba ƙaƙale ba ne, in ji shi, gama doka kanta da waɗannan kalmomi take aiki. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta kira tsare mutum ba bisa hakki ba da sunan “wrongful confinement”. Jihohin kudu kuwa sun gaji Kirminal Kod, wadda, abin mamaki, a Arewa aka fara kafa ta a 1904, shekara uku bayan Turawa sun ci Kontagora, kafin a shimfiɗa ta ga ƙasa duka a 1916. Duka biyun sun yarda cewa wanda ya yi abu bisa kuskuren fahimtar yadda al'amari yake, da zuciya ɗaya, ba daidai yake da mai ganganci ba.

Amma “wrongfully” takan zama makamin talaka ma. Mai gadin da aka kora ba tare da sanarwar da aka yi alkawari ba, shi ne “wrongfully dismissed”, da wannan kalma kuwa lauya zai nema masa diyya. In ya rubuta cewa an kore shi “badly”, sai akawu ya yi murmushi kawai.

Daga nan ya juya ga “wrong” da “wrongly”, inda ya ce ko masu takardar sakandare sukan yi tuntuɓe. A bayan aikatau ana iya cewa “you wrote it wrong” a hira. Amma in kalmar za ta gabaci aikatau, tilas a sa mata wutsiyarta: “wrongly addressed” ga wasiƙar da aka ɓata adireshinta, “wrongly accused” ga wanda aka zarga alhali bai yi ba. Ba a cewa “wrong accused”.

Sauran bai daɗe a kansu ba. “Incorrectly” ta lissafi ce da cike fom, ba ta zargin kowa da mugun nufi. “Improperly” ta saɓa ƙa'ida ce, ita masu binciken kuɗi suka fi so sa'ad da ba su shirya kiran mutum ɓarawo ba tukuna. “Carelessly” ita ce sakaci, direbobi su kula da ita.

Ita kuwa “badly” fuska biyu gare ta. Tela ya ɗinka riga “badly”, wato bai iya ba. Amma “badly injured” mummunan rauni ne, sa'an nan wanda ya ce “I need it badly” ba mugun abu yake nufi ba, matsuwa ce ta kai masa wuya.

Wani daga cikin samarin ya tambaya, in mutum ya rikice a gaban hukuma, wacce zai riƙe? Malamin ya ce ya riƙe “by mistake”, kalma biyu ne, in dai gaskiyarsa ke nan, sa'an nan ya nemi a kira masa Sarkin Hausawan unguwa ko wani mai karatu da ya amince da shi kafin ya taɓa tawada.