Jawabi a Kan Jinyar Wanda Ya Bugu a Ka

Jama'a, ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa a ƙoƙon kai. In mutum ya faɗo daga babur, ko ya sha naushi a fagen dambe, sai ta girgiza. Watau tana iya jin rauni ko da ba a ga jini ba, ko da bai suma ba.

Lalle ne a gaggauta kai shi asibiti in ya yi ta amai, ko ciwon kai ya tsananta, ko aka kasa tashinsa daga barci, ko jini ya fito ta kunne.

In likita ya sallame shi, sai ya huta kwana 2, ya rage kallon waya da talabijin. Sa'an nan ya fara tattaki kaɗan-kaɗan, gama doguwar kwanciya tana jinkirta warkewa. Ya riƙa barci a kan lokaci, ya guji barasa, kada kuma ya sha asfirin sai da iznin likita, domin yana ƙara zubar jini.

Yawancin manya sukan warke cikin mako 2, yara kuwa sukan kai mako 4. In jiri ko mantuwa ko saurin fushi suka wuce wata guda, a koma wurin likita.

Babban haɗari shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, domin yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har ya kashe. Saboda haka kada ɗan acaba ya hau babur, ko ɗan dambe ya ɗaure hannu, sai likita ya yarda. Iyalinsa da ubangidansa su yi haƙuri da shi. Allah ya kiyaye.