Bikin Yara Ba Sai Da Bashi Ba

 

Maganarmu yau a kan bikin zagayowar ranar haihuwar yara ce. Mu da ke kasuwa muna gani: uwa ta kwashe kuɗin adashi, wata ma har ta taɓa jari, saboda kek da lemon kwalba. Ranar kasuwa ta zo, babu kuɗin sari. Haba jama'a!

Ai muna da namu. A jiƙa shinkafa, a niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi, ga waina. A haɗa zoɓo da citta da kanumfari, ko kunun aya da dabino. Na ƙullawa yara su kai gida kuwa, ga alkaki da gireba da kantu. Duk akwai masu yinsu a cikinmu, kun ga kuɗin bai fita waje ba.

Wasa kuma kyauta ne. 'Yan mata su yi gaɗa da 'yar gala-gala, maza su yi langa, a rufe da tatsuniya da kacici-kacici. Amma don Allah, 'yan ƙasa da shekara 5 kada a ba su gyaɗa ko aya guda-guda, suna shaƙe yaro.

Mu riƙe jarinmu, yara su sha murna. Allah ya raya mana su.