Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Tamale, daga Zangon Hausawa da Zangon Moshi har Sabonjida, Zogbeli, Lamashegu da Sagnarigu, da waɗanda muryarmu ke riska a Savelugu, Tolon da Kumbungu, barkanku da warhaka. Iyayenmu mata da ke zaune bakin kaya a kasuwar Aboabo, Allah Ya kawo ciniki mai albarka. Ga mu kuma a filinmu na lafiyar iyali, yau kuwa zancen ƙananan yara za mu yi, daga ranar haihuwa zuwa ranar shiga aji ɗaya.

Akwai tambayar da ake yi a gidajenmu kowace yamma. Yaro ɗan shekara huɗu ya dawo daga makaranta, uba ya ce masa, "Me aka koya muku yau?" Yaro ya ce, "Mun yi wasa, mun yi waƙa." Nan take ran uba ya ɓaci. Ya buɗe jaka, babu rubutu, babu aikin gida. Washegari sai ga shi wurin hedimasta yana cewa shi ba wasa ya kawo ɗansa ba, in wasa ne akwai fili a ƙofar gida. Wani ma cire yaron yake yi, ya kai shi makarantar kuɗi inda ake cika wa ɗan shekara uku littafi da ABCD. Alhaji, Hajiya, ku ba ni aron kunnuwanku, domin an bincika wannan magana, kuma a nan ƙasarmu aka bincika ta.

Gana na cikin ƙasashen Afirka da suka riga saura ɗaukar karatun ƙananan yara da muhimmanci. A 2004 gwamnati ta fitar da tsarin kula da yara ƙanana da bunƙasarsu. Gyaran ilimi na 2007, da dokar ilimi ta 2008, suka sa shekara biyu na ajin KG cikin karatun dole na kyauta, ga 'yan shekara huɗu da biyar. Sabon manhajin 2019 kuma ya ce a koyar da waɗannan yara ta hanyar wasa. A takarda komai ya yi daidai. Amma wanda ya leƙa wasu ajujuwan namu ya san abin da ke ciki: yara sun cika ɗaki maƙil, malama ɗaya, allo ɗaya, ana ta maimaita abin da ta faɗa da ƙarfi har a tashi.

A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, wasu masana, cikinsu har da Sharon Wolf da Lawrence Aber, suka yi bincike a makarantu 240 na yankin Ankara, babban birnin ƙasarmu, na gwamnati da na kuɗi. Aka kasa makarantun gida uku. Kashi na farko aka bar su yadda suke. Kashi na biyu aka horar da malaman KG yadda za su koyar da wasa, su bar tsawa da duka, su riƙa jan yara da magana. Kashi na uku aka horar da malamai, sannan aka ƙara da tara iyaye ana nuna musu bidiyo ana yi musu bayani. A kashi na biyu aji ya gyaru, malamai suka rage gajiya da aikin, yara suka fi takwarorinsu shirin shiga firamare. A kashi na uku, inda aka yi tsammanin ribar za ta ninka, ci gaban da yaran suka samu sai ya zube. Masu binciken sun yi zaton iyaye da yawa ba su karɓi zancen wasa ba, abin da suke so shi ne rubutu da horo, sai aka shiga jan igiya tsakanin gida da makaranta, yaro yana tsakiya.

To ku riƙe wannan, mu dawo gida arewa. Tsakanin 2017 da 2018 an yi wani binciken a makarantu 80 na gundumar Tolon, nan kusa da mu, da gundumar Bongo. Ƙungiyar Lively Minds ce ta kawo tsarin tare da hukumar ilimi ta Gana, wata cibiyar bincike ta Ingila mai suna IFS ta auna sakamakon. A nan ba a tara iyaye an yi musu lacca kawai ba. An ɗauki matan ƙauye, da yawansu ba su taɓa zama a ajin boko ba, aka koya musu wasanni na ƙirga da haɗa kamanni da gini da duba littafin hotuna. Kowace uwa tana da ranar da za ta zo makaranta, ta zauna kan tabarma da yara kaɗan, a wanke hannu da sabulu, a yi wasa da harshen gida. Da aka auna, yaran sun fi na makarantun da ba a kai wa tsarin ba kaifin tunani da fahimtar lissafi, halayensu sun gyaru, har awon damtsensu ya nuna ƙarin lafiyar jiki. Daga baya hukumar ilimi ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi zuwa gundumomi da dama na arewa.

Me ya raba Ankara da Tolon? Ni a ganina, can an gaya wa iyaye, nan kuwa an sa hannunsu a cikin aikin. Uwar da ta ga da idonta yadda ɗanta ya ware murafun kwalba ja daga kore, ya ƙirga su biyar ba tare da an ɗaga masa murya ba, ba ta bukatar wani ya rantse mata cewa wasa karatu ne. Kuma ta koma gida da abin a hannunta. Wannan shi ya fi taɓa mini zuciya, domin sau da yawa iyayenmu mata kan ce, "Ni da ban yi makaranta ba, me zan koya masa?" Mama, matan Tolon sun amsa miki.

(Gajeren kiɗa)

Dalilin abin yana cikin halittar yaro. A shekarun farko ƙwaƙwalwa tana ƙulla mahaɗai da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba har tsufa, kuma abin da ke ƙulla su shi ne mu'amala: jariri ya yi gwalan-gwalan ki amsa masa, ya nuna akuya ki ce "akuya ce, ga ɗanta can", ya jefar da cokali ki miƙo masa. Yatsun ɗan shekara uku kuwa ba su yi ƙwarin zana harafi daidai ba. Sai ya yi zane a ƙasa, ya murza yumɓu, ya tsinci tsakuwa, kafin hannun ya nuna. In aka tilasta masa da bulala, zai iya haddace ABCD, amma abin da zai fi zama a ransa shi ne makaranta wurin tsoro ce. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ɗanyen icce a hankali ake bi da shi, in an matsa ya karye. Hukumar ilimi ta hana duka a makarantu tun 2017. Malamanmu na makarantar allo, Allah Ya saka muku da alheri bisa hidimar Alƙur'ani. Ina roƙonku, 'yan ƙananan nan da ake turo muku tare da yayyensu, a bar su su saurara su maimaita cikin sakin fuska.

Kada wani ya ce amfanin na ɗan lokaci ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Tunda an ambaci tsumburewa, dole mu tsaya a kanta, domin ciwonmu ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2014 ya nuna yara 33 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin Arewa sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, alhali a ƙasa baki ɗaya 19 ne. Na 2022 ya nuna har yanzu muna wajen yara uku cikin goma. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yawancinta tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, duk zafin watan Maris, domin nonon da kansa yana ɗauke da ruwan da jariri ke bukata. Bayan wata shida, koko tsura ba ya riƙe yaro. A zuba masa garin gyaɗa ko na waken soya, a daka ƙananan busassun kifi a barbaɗa, a ba shi ƙwai, a dama masa tuwo da miyar ayoyo ko zogale, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Maganar cewa ƙwai na sa yaro sata ba ta da tushe. Ranar awo kuma kada ta wuce ki don an gama allurai. Ki ɗauki littafin lafiyar uwa da yaro, a auna shi, a ba shi sinadarin bitamin A duk wata shida.

A wurin awon ne za ki faɗi abin da ya dame ki. Yaron da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a nuna shi ga ma'aikatan lafiya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tamale. Kada a zauna ana cewa kakansa ma ya yi jinkirin magana. Matsalar ji, in an gano ta da wuri, ana iya taimakon yaro ƙwarai.

Akwai abin da ya shafe mu Hausawan zango musamman. Tsarin ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida, kuma harsuna 11 gwamnati ta amince a yi amfani da su a makarantu. Dagbanci yana ciki, Gwanjanci yana ciki, Hausa ba ta ciki. Saboda haka ɗanmu kan shiga aji ya tarar da Dagbanci da Turanci. Wasu iyayen sai su daina yi masa Hausa, su koma guntun Turancin da su kansu bai zauna musu a baki ba. Kada ku yi haka. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku, kuma wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu. Ku yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ku bar kakarsa ta ba shi labarin yadda kakanni suka biyo hanyar fataucin goro ta Salaga. Ina kuma kira ga sarakunan zango da shugabanninmu su riƙa ɗaga wannan magana gaban hukumar ilimi, a samu malamai masu jin Hausa a ajujuwan KG na unguwanninmu.

Ga ma'aikata mata, dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai jego hutun mako 12 aƙalla, da awa ɗaya a lokacin aiki don shayarwa. Mako 12 bai kai wata shida ba, shi ya sa gidajen renon yara suka yawaita a garin nan. Kafin ki miƙa jaririnki, ki tambaya ko gidan yana da rajista da sashen jin daɗin jama'a, kamar yadda dokar yara ta 1998 ta tanada. Ki je ba tare da sanarwa ba. Ki ƙirga jarirai nawa ke hannun mace ɗaya, ki duba ruwan sha da makewayi da wurin kwanciya, ki lura ko ana yi wa yaran magana ko an jera su gaban talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Iyaye maza, wannan har da ku. In kun dawo daga kasuwa ko tasha, a ajiye waya, a ɗora yaro a cinya, a tambaye shi wane wasa suka yi yau, a ce ya nuna yadda ake yi.

Wanda ɗansa ya cika shekara huɗu, ya kai shi KG a farkon shekarar karatu, kada a jira sai ya kai bakwai a tura shi aji ɗaya kai tsaye. A tafi da takardar haihuwa. Yin rajistarta kyauta ne kafin jariri ya cika shekara ɗaya. In makarantarku na neman iyaye mata masu taimakawa a wasannin yara, Hajiya, ki ba da sunanki, Alhaji kuma ka ba ta izini.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana kan gudawa a jikin ƙananan yara da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Sai mun ji daga gare ku. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)