Lamba Bakwai: Daga Allon Aji Zuwa Buhun Taki



Kowannenmu ya san haruffa ukun da ke jikin buhun takin zamani: N, P, K. Na farkonsu shi ne naitirojin. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, suna ganin harafin nan kowace damina, kuma haƙƙinsu ne a kanmu mu faɗa musu abin da yake nufi.

Ƙwayar zarrar naitirojin tana da cibiya mai ɗauke da furotan 7, sannan ilektiron 7 suna kewaye da ita. Adadin furotan ɗin nan shi ake kira lambar zarra, kuma shi ne asalin kowane sinadari. Mai furotan 6 kabon ne, mai 8 kuwa oksijin ne. Niyutiron da ke cibiyar sukan bambanta: mafi yawan naitirojin na da 7, nauyinsa 14, ƙalilan na da 8, nauyinsa 15, amma duka naitirojin ne. Yaro yakan yi ƙiba, yakan rame, sunansa a rajista yana nan daram. A shekarar 1869 Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai bisa nauyinsu, sai a 1913 Henry Moseley na Ingila ya tabbatar cewa lambar zarra ce ma'aunin jerin na gaskiya.

Ilektiron bakwai ɗin sun kasu biyu: 2 a zoben ciki, 5 a na waje, wanda sai da 8 yake cika. Don cike gurbin ukun nan, ƙwayoyi biyu sukan ƙulla da juna ƙulli uku mai wuyar kwancewa. Shi ya sa masara ke yin ruwan ɗorawa don rashin naitirojin, alhali kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kaɗa ta naitirojin ne. Tsiro ba ya iya kwance ƙullin, amma ƙananan halittun da ke zaune a ƙululun saiwar wake da gyaɗa suna iyawa. Ashe kakanninmu da suke shuka wake a tsakanin gero sun san abin da suke yi.

Wannan darasi ba ya jiran ɗakin gwaje-gwaje. Mu zana da'ira biyu a ƙasa, mu sa wake bakwai da masara bakwai a tsakiya, mu jera tsakuwa biyu da biyar a kan zobban, sannan mu tumɓuke gyaɗa guda mu nuna wa yara ƙululun saiwarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ƙirga bakwai ɗin da hannunsa a firamare ba zai firgita da jadawalin sinadarai a sakandare ba.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya albarkaci ɗalibanmu.